Tsakanin shagon Baba da doktora

Goggo, barka da aiki. Ni ɗan Garwa ne, shekarata 28. Na gama digiri na biyu a fannin tarihi a Jami'ar Gaundare. Burina in yi doktora a kan tarihin 'yan tireda na babbar kasuwar Garwa da yadda cinikinsu ya shafi talaucin yara, musamman 'yan talla, daga nan in zama malamin jami'a. Abu uku ne suka hana ni barci. Malamin da zai duba aikina ya ce tarihin kasuwanci daban, talaucin yara daban, in zaɓi ɗaya, kuma wai babu takardun tarihi a kan ƙananan 'yan kasuwa. Mahaifina ɗan tireda ne, idonsa ya fara rauni, yana so in karɓi shago, ya ce ya gaji da ganin masu digiri suna kilando, wato ɗaukar fasinja a babur. Na ukun ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yayata ta yi tallar ƙosai da gyaɗa shekara da shekaru, da kuɗin aka riƙa saya mini littattafai, ita kuwa ba ta wuce aji uku ba. Ina jin kunyar in ci abinci da labarin irinta. Ina mafita?

Ɗan mai shago, Garwa

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da tabarau. Ka jero damuwa uku kamar ba su san juna ba, ni kuwa da na duba sai na ga uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bari in fara da maganar malaminka cewa babu takardu. Yana da gaskiya ta wani gefen. In ka je gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yawunde, ko wanda Faransa ta tara kayan mulkin mallakarta a Aix-en-Provence, rahoton kumandan, wato Baturen mulki, za ka tarar: haraji nawa aka karɓa, gyaɗa da auduga nawa aka loda a tashar jirgin ruwa ta Garwa lokacin da Binuwai ta cika. Manyan kamfanoni su ma sun bar tarihi a rubuce. Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin kamfanin United Africa Company (UAC) a 1929, takardunsa suna hannun Unilever a Port Sunlight kusa da Liverpool. John Holt, da tsofaffinmu ke ce wa Janhol, shi ma daga Liverpool ya fito. Amma mutumin da ya sari gishiri da kananzir a kantin Bature, ya ɗora wa jaki, ya kai kasuwar ƙauye ya auna da ƙoƙo, babu akawun da ya rubuta sunansa. Iyakar gaskiyar malaminka ke nan.

Ban taɓa shiga shagon babanka ba. Amma in dai ɗan tireda ne irin na kasuwarmu, na san akwai wani abu a ƙarƙashin teburinsa, kusa da gwangwanin da yake zuba canji. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya sha mai har ya yi baƙi, an ɗaure shi da roba. Rabin rubutun ajami, lambobin kuma na boko. Wani sunan an ja masa layi, an biya. Wani an rubuta masa "Allah ya jiƙansa" a gefe, an yafe. Wani shafin duk na gida ɗaya ne, sukari, sabulu, mai, sukari, magi, sukari, har shafin ya cika aka juya baya. In kuwa babanka irin tsofaffin nan ne da ba sa yar da takarda, to akwai wasu irinsa a cikin buhu ko tsohuwar akwatin ƙarfe a gida, na shekara ashirin ko talatin. Littafin bashi ke nan. Wani Bature zai sayi tikitin jirgi, ya nemi biza, ya koyi Fillanci shekara biyu, duk don a bar shi ya leƙa shafi ɗaya. Kai kana kwana da shi a gida kana cewa ba ka da madogara.

Ka zauna da littafi ɗaya tak na mako guda, za ka ga abin da yake faɗa. Zai gaya maka farashin kwalin sukari a shekarar da aka rubuta shi, da wanda ke ba babanka kaya, daga Duwala suka hau ko daga Yola da Mubi suka tsallako. Zai nuna maka watan da bashi ke kumbura: cikin Agusta in rumbu ya yi ƙasa, cikin Satumba in an koma makaranta, sai kuma gab da salla. In ka tambayi Baba wa ke zuwa karɓar kayan a kowane gida, sau da yawa zai ce maka yarinya ake aikowa.

To, a nan ne na rabu da malaminka. Ni ma na yi talla, ɗana. Ban kai shekara goma ba nake ɗaukar farantin ƙosai zuwa tashar mota kafin rana ta fito. Innata tana cikin kulle, ita ke suya, ni ce ƙafarta. Waken da man da take suya da su bashi ne daga shagon wani ɗan tireda a bakin layinmu, a kan za a biya da yamma in na dawo. Ranar da na yi kwantai, ko wani direba ya ci ya ce canji ya hana shi biya, mu uku ne hankalinmu ba ya kwance: ni da nake tsoron bulala, inna da uwar kuɗinta ta taɓu, da mai shago da shi ma akwai wanda ke binsa a babbar kasuwa. Kayan sun taso daga babban ɗan sari, sun bi ta hannun ɗan tireda, sun shiga ɗakin matar aure, sun ƙare a kan gammon yarinya 'yar shekara tara. Duk wanda ke sama yana da inda zai tura asara. Ita ce ba ta da wanda za ta tura wa. Wanda ya ce maka tarihin tireda daban, tallar yara daban, bai taɓa dawowa gida da ƙosai shida da suka huce ba.

Kuma ba kai ka fara ganin haka ba. Wata Ba'amurkiya mai suna Enid Schildkrout ta zauna a Kano cikin shekarun 1970 tana nazarin yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan a kan yara, da yadda ribar tallar yarinya ke komawa kayan ɗakinta. Ka nemi rubuce-rubucenta ka karanta, ka kai wa malaminka. Malaman jami'a sun fi saurin yarda da magana in sun ga wani ya riga ya buga ta.

Akwai kuma maganar ƙulli, wadda na fi so ka tsaya a kanta. Mai albashi yana sayen kwalin sukari guda, galan na mai, sandar sabulu. Talaka yana sayen ƙwayar sukari uku, man girki a murfin kwalba, tumatirin gwangwani cokali ɗaya, omo a ƙullin leda. Ka ƙirga ƙwayoyin da ke cikin kwali, ka lissafa abin da suke kawowa in an sayar da su ɗai-ɗai, ka gwada da kuɗin kwalin. Za ka tarar wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa sayen kaya da tsada. Kada ka yi saurin cewa zalunci ne, domin ɗan tiredan shi ya sayi ledar, shi ya zauna ya ƙulla, shi ke ba da gyara, shi ke jiran bashin da wani lokaci ba ya dawowa. In ba don shi ba, gidaje da yawa ba za su ɗora tukunya ba. Yana ci da talaka, kuma yana rufa wa talaka asiri, duk a ciniki ɗaya. Wannan kaɗai ya isa doktora.

Masu ƙididdiga sun yi nasu aikin. Binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2014 ya nuna kashi 37.5 cikin ɗari na mutanen Kamaru suna cikin talauci, amma a yankin Arewa abin ya kai kashi 67.9, a Arewa Mai Nisa kuma kashi 74.3. Ka riƙe waɗannan alƙaluman, za su yi maka amfani. Sai dai irin wannan bincike gida yake aunawa gaba ɗayansa, ya raba abin da aka ci da yawan mutanen gidan. Ba ya ganin wanda ya fara sa hannu a kwano, ba ya ganin cewa an tura namiji makaranta da kuɗin da mace ta yini a rana ta nemo. Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, amma kowace uwa ta san kuɗin ƙungiyar iyayen yara, da na littafi, da na kayan makaranta, da takardar haihuwar da in babu ita yaro ba ya zana jarrabawar gama firamare. Daga wani wuri kuɗin nan ke fitowa. A gidanku ka san daga inda ya fito.

Amma kada ka ji na goyi bayanka ka ɗauka malaminka bai san aikinsa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma yadda ka faɗi batun naka, ya yi faɗi da yawa. "Tarihin 'yan tireda" tun yaushe? Tun zamanin fatake da madugai da zangon goro? Tun da Jamusawa suka kama Garwa a 1901? Tun 1974 da layin dogo ya iso Gaundare aka kuma kafa kamfanin auduga na SODECOTON, kaya suka koma bin mota da jirgin ƙasa, tashar ruwa ta fara mutuwa? Za ka tsufa ba ka gama ba. Da ni ce kai, da na ɗauki shekara talatin, daga 1993 zuwa 2023, kasuwa ɗaya, kaya uku da kowane gida ke saya, a ce sukari da man girki da sabulu. A 1993 gwamnati ta yanke albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Ina koyarwa a wata firamare a lokacin. Na ga masu shaguna sun rufe ƙofa suna jiran su ji sabon farashi, na ga abokan aikina maza sun fara kilando da yamma, kuma kafin shekara ta ƙare na ga bencin 'yan mata a ajina ya fara zama wayam. Ba sai na tambayi inda suka tafi ba, a bakin tasha nake gamuwa da su, su sunkuyar da kai su ce "ina kwana Madam". Daga can ka gangaro zuwa 2014 da rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki da Amcide, da Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamban 2020, da Mayun 2023 da ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallako da shi daga Najeriya, ya yi tashin gwauron zabo, samarin da ke sayar da shi a kwalabe a bakin titi suka rasa na yi. A kowane ɗaya ka buɗe littafin bashi ka ga me ya canza, sannan ka tambayi iyaye mata wace 'ya aka cire daga makaranta a shekarar. In ka kai wa malaminka wannan a shafi biyar, batu ɗaya zai gani.

Sauran kuma baki ne zai ba ka. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan garinku, wanda ya rasu a Maiduguri a 2004, da na'urar ɗaukar murya ya bi fada-fada yana tattara tarihin lamidai daga bakin tsofaffi, yau kuma babu mai rubuta tarihin arewacin Kamaru bai bi ta kansa ba. Shi ya yi na sarauta. Na kasuwa yana nan yana jira, masu shi kuma suna ta mutuwa.

Ka kiyaye amana fa. Littafin bashi asirin mutane ne. Akwai mai rawani a ciki, akwai liman, akwai matar da mijinta bai san ta ci bashi ba. Ka nemi izinin Baba tukuna, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya ka adana a wuri biyu, domin gobarar kasuwa da gara ba sa sallama. Amma a rubutunka kada sunan kowa ya fito, ko unguwar da za a gane shi da ita. Sauran 'yan kasuwa kuma kada ka zaci za su buɗe maka littafi don kana ɗan gida. Wasu za su ce leƙen asirin masu haraji kake yi, wasu za su ce babanka ya aiko ka ka gano masu sayensu. Ka riƙe takardar izinin bincike daga jami'a, ka bi ta shugabannin kasuwa, ka fara da waɗanda suka riga suka bar shago wa 'ya'yansu, su ba su da abin ɓoyewa kuma suna marmarin mai sauraro. 'Yar talla kuwa ba a tsare ta a hanya da tambaya. Lokacinta kuɗi ne, kuma saurayi ya tsayar da yarinya a lungu, ka san abin da za a ce. Ta wurin uwarta ake bi, kuma ban da hoto.

Yanzu ga mai ɗaci. Abin da Baba ya gani da idonsa gaskiya ne, kuma ba zan yi maka alkawarin kujera a jami'a ba. An buɗe Jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, guraben sun ƙaru, amma masu doktora sun fi su ƙaruwa. A ƙarshen 2018 aka sanar da ɗaukar masu doktora 2,000 cikin shekara uku, kuma da jerin farko ya fito, waɗanda ba su ga sunansu ba sun je sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde. Kafin a ɗauke ka, mai yiwuwa ka yi shekaru kana koyarwar da ake biya da awa, kuɗin kuma sai ka manta da shi yake zuwa. In an ɗauke ka, matakai huɗu ne daga mataimakin malami zuwa farfesa, kuma kwamitin da ke ƙarin girma maƙalun da ka buga yake ƙirgawa. Saboda haka tun yanzu ka sa a ranka za ka fitar da maƙala ɗaya ko biyu kafin ka gama. Ka gyara Ingilishinka, domin mujallun tarihin kasuwanci da yawa da shi ake buga su, ga kuma takardun gidan ajiyar tarihi na Kaduna da malaman Yola da Kano a maƙwabta. Ka koyi aiki da alƙaluma a kwamfuta, masanin tarihin da ya iya lissafi ba ya rasa aikin bincike a ƙungiyoyin da ke kula da yara. Ka kuma riƙa leƙa sanarwar cibiyar bincike ta CODESRIA da ke Dakar, sun daɗe suna tallafa wa matasan masu bincike na Afirka.

Shi ya sa na ce kada ka saki shagon nan. Shi zai ciyar da kai in kuɗin awa ya makale, kuma a kan bencinsa binciken naka yake. Doktora a tarihi ba zaman aji ba ce kullum. Kana iya rajista a Gaundare, ka riƙa zuwa ganin malaminka, aikinka yana Garwa. Haɗarin ɗaya ne: shago kamar jariri yake, in ka ɗauke shi ba ya yarda a ajiye shi. Na san masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka ce "bari in riƙe wa Baba na wata shida", yau jikokinsu ke kai musu abinci kasuwa. Don haka ku yi magana a fili, da wani kawunka a zaune a matsayin shaida. Ka karɓi lissafi da sarin kaya, a samu ƙane ko yaron shago ya riƙe awo da ƙulli, kwana biyu a mako naka ne ba mai nemanka, bayan sallar asuba kuma awa biyu na rubutu ne ko da kasuwa na ci da wuta. Ku yanka wa'adi, shekara huɗu, in ya cika a sake zama.

Ranar da za ka fara yi wa Baba maganar, kada ka ambaci doktora, kalmar ba ta nuna masa komai sai babur. Ka bari bayan la'asar ciniki ya lafa, ka zuba masa shayi, ka ce: "Baba, wai wa ya fara ba ka kaya bashi?" Sai ka yi shiru. Ban taɓa ganin tsohon ɗan kasuwar da aka yi wa wannan tambaya ya gama amsa kafin magariba ba. Kuma kafin komai ka kai shi likitan ido. In yanar ido ce, aikin ɗan lokaci ne ake cire ta, mutane da yawa sun koma karanta Alƙur'ani bayan sun fid da rai.

Saura yayarka. Kunyar da kake ji ba ta ƙara mata ko dala ba, kuma in ka bar binciken saboda ita, shekarun da ta yi a rana sun tafi ke nan ba wanda ya rubuta su. Bashi ne a kanka, irin wanda ba a ja masa layi, amma ana rage shi. In tana da 'ya'ya mata, ka ɗauki kuɗin makarantar ɗaya daga ribar shago tun bana, ka tabbata tana da takardar haihuwa. Sannan ka tuna gidajen da kake son jin labarinsu, an rubuta "ba shiga" a ƙofarsu, kai namiji iyakarka zaure. Kana bukatar macen da za ta shiga ɗaki ta zauna a bakin murhu, wadda ta san nawa ake sa wa yarinya a faranti, da yadda ake ɓoye ribar a asusu, da abin da uwa ke nufi in ta ce "yau ba ciniki". Wa ya fi yayarka sanin wannan? Ka nemi yardar maigidanta, ka ɗauke ta aiki, ka biya ta kamar yadda za ka biya ɗalibar jami'a, in ta amince kuma ka sa sunanta a shafin farko.

Tana iya ƙi, kuma tana da iko. Wataƙila ba ta son tuna lokacin, wataƙila kuma ta yi maka dariya ta ce ita tallar ta fi mata zaman aji daɗi, domin ni ma akwai ranakun da na fi son tasha da makaranta. Ko me ta ce, ka saurara har ta gama. Ranar farko ka tafi da turmin atamfa da goro, ka bar wayar ɗaukar murya a aljihu, ka gaya mata ka san da kuɗin wa aka sayi littattafanka.

Goggonku